Wanda Zai Fara Jefa Iri

Ruwan shuka ya sauka a Asembo tun tsakiyar Maris, ƙasa ta jiƙe sharkaf, maƙwabta duk sun duƙufa a gona. Obura kuwa irin masararsa na nan a ɗaure cikin buhu, ko ƙwaya ɗaya ba shi da ikon jefawa. Ba ragwanci ba ne, don gonar tasa ta sha huɗa tun kafin hadari ya fara haɗuwa a kan tafki. Wansa yake jira.

A wurinmu shuka bi da bi ce. Babba ne ke buɗewa: ya kwana a ɗakinsa na gida tare da matarsa, da safe su fita su jefa iri, sannan na bayansa ya bi. Tun da mahaifinsu ya rasu wannan nauyi ya koma kan Ogutu, ɗan fari. Wanda ya tsallake wansa ya yi shuka, an ce ya jawo wa gida chira, ciwon nan da ke tsotse mutum har ya koma kamar kara. Kuma ba lalle mai laifin take kamawa ba, tana iya faɗa wa ɗansa ko wan da aka tsallake. Wasu sun daina yarda da wannan. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Min Ogutu, wato uwar Ogutu, ba ta daina ba, kuma gidan nata ne.

Ogutu yana Nairobi, a wani kamfanin inshora. Ran wata Laraba Obura ya buga masa waya.

“Yaya, ruwa fa ya zauna. Yaushe za ku shigo?”

Tun daga gaisuwa da yarenmu suke magana, har labarin saniyar da ta haihu. Ana zuwa kan rana sai bakin Ogutu ya juye Turanci. Ya ce ƙarshen mako mai zuwa, ya ce a gaida Mama, ya kashe.

Nan fa gardama ta tashi a tsakar gida. Obura ya ce ai magana a fili take, Asabar ɗin nan da ke gabansu ke nan. Matarsa Awiti, wadda ta taɓa aiki a wani otal a Kisumu, ta yi tsaki tana tsince ƙananan kifin miya.

“Baban yara, ba ka san mutanen ofis ba. In wannan Asabar suke nufi, ‘wannan’ suke cewa. In suka ce ‘mai zuwa’, ta bayanta ce.”

“Ke ce kika koya musu Turancin?”

“Ni dai na sha gyara ɗaki baƙo bai zo ba.”

Min Ogutu na zaune a kujerarta tana jinsu. Ta ce, “Ni ban san wani wikend ba. Ɗana ya ce zai zo, to zai zo. ’Yar Seme, ki kama zakaran nan ki ɗaure.” Haka take kiran Awiti, da sunan garinsu.

Ran Asabar Obura ya wuni a bakin titi yana leƙen motocin haya. Ba Ogutu ba labarinsa. Awiti ba ta ce ai na faɗa ba, kwance zakaran kawai ta yi. Asabar ta biyu aka sake kama shi, aka share ɗakin Ogutu, aka shanya katifa. Har rana ta faɗi ba wanda ya sauka sai masu dawowa daga kasuwar Akala. Da Obura ya sake kira, amsar ba ta canja ba ko da harafi ɗaya: ƙarshen mako mai zuwa.

Kai, wannan magana, Allah wadai da wanda ya ƙirƙiro ta! Mai faɗinta ba ya taɓa yin ƙarya, don duk ranar da ka ritsa shi akwai wani makon a gaba. Obura ya fara gane cewa shi da Awiti ɓata bakinsu suka yi. Wansa ba wannan Asabar yake nufi ba, ba kuma waccan ba. Wurin ɓuya ya samu a cikin Turancin.

Masarar maƙwabta ta kai idon sawu. Ruwan sama kuma a bakin tafki ba ya daɗewa, kowa ya sani, kafin Mayu ta ƙare ya ɗauke. Rumbun Obura saura kaɗan a ga ƙasansa, ga yara uku, ga ita kanta tsohuwar, wadda daga tukunyar Awiti take ci.

Ya kira a karo na uku, wannan karon ransa a ɓace.

“Yaya, don Allah ka bar Turancin nan. Ka faɗa mini ranar da yarenmu. Wace rana?”



“Obura, kana tsammanin zaman banza nake yi a nan?”

“Ban ce ba. Rana kawai nake tambaya. In ba za ku samu zuwa ba, ka gaya wa Mama da bakinka, a san abin yi.”

“Na ce maka ina tafe,” in ji Ogutu, ya kashe wayar.

Obura ya je ya durƙusa gaban uwarsa. Ya yi mata lissafin ruwa, ya yi mata na rumbu. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, “Ka jira wanka. Ubanku ya taɓa jiran nasa wan har masarar mutane ta yi bunni, bai mutu ba.”

“Mama, a lokacin ai akwai shanu a gidan nan.”

“Na ce ka jira.”

Da ya koma ɗaki Awiti ta dube shi ido cikin ido. Ta ce, “Chira dai jin labarinta nake yi. Yunwa kuwa na santa, ta kwana a ɗakin nan shekarar da aka yi fari. Ba zan sake dafa wa ’ya’yana ruwan zafi in ce musu abinci na tafe ba.”

Ran Litinin da sassafe ya kwance bakin buhun. Tsoro yake ji, ba wai ba, amma ya sari ramin farko. Yana sara, Awiti na binsa tana jefa iri tana rufewa da diddige. Min Ogutu ta fito ta hango su. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Kujerarta ta ɗauka ta juya ta, ta zauna ta ba gonar baya.

Daga ranar in ya gaishe ta sai ta amsa da ka. Shi kuma ya shiga zullumi. Ƙaramar ’yarsa ta yi tari sau ɗaya, gabansa ya faɗi. In yaran suna wanka sai ya tsaya yana duban haƙarƙarinsu, ko sun fara ramewa.

Masara ta tsiro ta yi ganye bibbiyu, shar da ita, sai ga Ogutu ya sauka daga motar haya ran wata Alhamis da rana tsaka, ba sanarwa. Shi kaɗai ne, da ledar sukari da burodi a hannu. Tsohuwar ta rungume shi tana kuka, tana shafa kumatunsa, sannan ta leƙa bayansa tana neman matarsa.

“Ina ’yar Gem? Ina jikokina?”

“Aiki ya riƙe ta, Mama. Yara kuma suna makaranta.”

Bai ko zauna ba ya ce Obura ya raka shi gona. Suka tafi. Obura ya riga ya shirya wa faɗa, har amsoshinsa ya tanada. Ogutu ya tsaya a bakin kunya ta farko, ya duƙa ya taɓa ganye ɗaya, ya daɗe bai ɗago ba.

“Gara da ka shuka,” ya ce.

Obura ya juyo ya dube shi, Ogutu ya ci gaba.

“Matata ta tafi, Obura. Tun bayan Kirsimeti ta kwashe yara ta koma wurin ’yar’uwarta. Kullum cewa nake wannan makon zan shawo kanta, mu taho tare. Ko da na zo ni kaɗai, da me zan buɗe muku shukar? Da wa zan kwana a ɗakin?”

Cikin haushi da tausayi Obura ya ce, “Haba Yaya! Kalma ɗaya fa. Da ka faɗa, da dattawa sun zauna sun samo hanya. Yanzu ga shi Mama ko kallona ba ta yi.”

“Na sani.”

“To ka gaya mata yau.”

Ogutu ya kama hannunsa, ya riƙe gam. Wannan mutumin ne ya goya shi suna yara, shi ya hana kansa sutura ya kai shi sakandare. Yanzu idonsa ya yi ja. “Ka rufa mini asiri, ɗan’uwana. Ita ce ta zaɓo mini matar nan, da ita take taƙama a coci. Ka ba ni lokaci kaɗan.”

Obura bai ce e ba, bai ce a’a ba. Suka juya gida.

Awiti ta dafa shayi, an yanka burodin. Min Ogutu ta sa ’ya’yanta biyu a gaba, kofinta a hannu ba ta kurɓa ba.

“Ogutu, ka ga abin da ƙaninka ya yi?”

“Na gani, Mama.”

“Kana raye, matarka na raye, ya shiga gabanka kamar an riga an binne ka. Dubi yadda ka rame. Kai Obura, ɗago ka dubi wuyan wanka.”

Obura ya ɗago ya dubi wan nasa. Jira yake yi. Ogutu ya sunkuyar da kai yana juya cokali a cikin shayin da tuni sukarinsa ya narke. Maganar na nan a kan harshen Obura, jimla ɗaya tak ta isa ta wanke shi. Ya haɗiye ta.

“Ba ka da abin cewa?” in ji tsohuwar.

“Babu, Mama.”

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ajiye kofin a ƙasa. Muryarta ba faɗa a ciki, kuma hakan ya fi yi masa ciwo.

“Na ji an ce masarar taka ta yi kyau. Allah ya sa ku cika rumbu, kai da ’yar Seme da yaranku. Amma in ta nuna, kada a kawo mini. Ni ba zan ci ba.”