Idon Mardiyya

Tun ranar da aka sauke akwatuna a tsakar gidanta na Badarawa, Hajiya Dije ta san idon yarinyar nan zai jawo magana. Jikarta Mardiyya, 'yar shekara shida da aka haifa a Ingila, ta tsaya ƙiƙam a gabanta, ta zuba mata idanu ƙwala-ƙwala, ta ce, "Ina wuni, Kaka," ko ƙiftawa babu. Hausar dai ga ta nan, a karkace amma ana ganewa. Kallon ne Hajiya ta kasa haɗiyewa.

"Ke ƙawata, ba a kallon babba haka," in ji Hajiya. "Sauke idonki."

"A can malamarmu ta ce in ana yi maka magana ka dubi mai maganar. Wanda ya ƙi duban mutum ƙarya yake ɓoyewa."

"To, nan ba can ba ne."

Wata biyu cur Hajiya ta yi tana wannan aiki. Durƙuso ya shiga. Karɓar abu da hannun dama ya shiga. Har amsa kira da "na'am" ta zauna a bakin yarinyar. Ido kam ya ƙi. Da an ce ta sauke sai ta sauke, kafin a kai ƙarshen magana ya koma inda yake.

Samun makarantar ma ba ƙaramar wahala aka sha ba, don sun dawo ne bayan an riga an koma karatu. Uban yarinyar, Abdulmalik, ɗan farin Hajiya wanda ko sunansa ba ta kamawa, sai da ya zaga makarantu biyar, kowace ta ce gurbi ya cika. Da ƙyar da roƙon arziki wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi ta karɓe ta a aji ɗaya. Ranar da Mardiyya ta fara sa kayan makaranta, Hajiya da kanta ta gyara mata hijabi, ta raka ta ƙofar gida tana nanata mata abu guda, wato ta kula da idonta.

A mako na uku, ranar Alhamis, yarinyar ta dawo da takarda. Uwarta Hauwa'u ta karanta a tsaye. An fasa gilashin tagar aji, kuma Mardiyya ake tuhuma. Bayan wannan ta yi wa malami rashin kunya. Ranar Litinin za ta durƙusa a taron safe, gaban dukan ɗalibai, ta amsa laifinta ta ba da haƙuri. In ba haka ba, a zo a ɗauke ta. Ana son ganin wani babba gobe Juma'a.

Abdulmalik yana Abuja yana bin takardun aiki. Hauwa'u ta ce ita za ta je, kuma sai sun gaya mata wanda ya ga 'yarta ta fasa.

"Ke dai zauna," in ji Hajiya. "In kika je da Turancinki da zafin kanki, sai dai a dawo mana da jakar yarinya a hannu. Ni na iya ba da haƙuri, na tsufa a cikinsa."

Ta juya ga jikar. "Ke kika fasa?"

"Ba ni ba ce, Kaka. Ina feƙe fensir na ji ƙara a bayana."

"Ko ba ke ba ce, a ba su haƙuri a wuce wurin. Makaranta muke so."

Kallonta kawai Mardiyya take yi, irin kallon nan dai.

Washegari da hantsi Hajiya da jikarta suna ofishin shugaban makaranta, Malam Lawan, mutum mai sanyin murya da tsabtar tufafi. A gefensa malamin ajin ne tsaye, Malam Rabe, saurayi siriri mai alli a yatsu. Hajiya ta ɗosana a bakin kujera, ta kafa idonta a kan tayil, ta jero gaisuwa har da ta iyali da ta gajiya. Sannan ta shiga abin da ya kawo ta. Yarinya ce, baƙuwa ce, ba ta san ƙasa ba tukuna, a yi mata afuwa don Allah. Malam Lawan yana gyaɗa kai, magana tana tafiya sumul. Har ta kusa rufewa, sai ta ce, don dai a cika zance, "Ni kuwa Malam, garin yaya abin ya faru?"

Malam Rabe ya gyara tsayuwa. "Na leƙa ofis ɗauko alli, Hajiya, ko minti biyu ban yi ba. Na dawo na tarar da gilashi a ƙasa. Na ce wa ya fasa? Yara talatin da ɗaya duk suka sunkuyar da kai yadda aka tarbiyyantar da su. Ita kaɗai ta kafe ni da ido. Na ce ke ce? Ta ce ba ita ba ce, ido cikin ido, ko gezau. Yaron da bai saba ɓarna ba ai ba ya irin wannan tsaurin ido."

"Wa ya gan ta tana fasawa?"

"Babu wanda ya ce ya gani."

"Shaidar ke nan duka?"

"Ai ta isa, Hajiya."

Shekara talatin Hajiya ta yi tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, kuma a rumfarta an sha kama masu zare turmi su cusa cikin mayafi. Ta san su sarai. Masu ladabi ne na ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye, ka rantse daga masallaci suke. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kama wadda ke kallon tsakiyar idonta ba. Ashe wanda ya fasa gilashin yana can cikin talatin da ɗayan nan, ya sunkuya tare da sauran ya sha. Ita kuwa wannan, da ba ta da abin ɓoyewa, ta miƙa fuskarta don a duba a gani, sai fuskar ta zama laifinta. Ran Hajiya ya ɓaci ƙwarai. Kunya kuma ta kama ta, don jiya-jiyan nan da bakinta ta ce wa yarinyar ta amsa abin da ba ta yi ba.

Ta ɗago kai. Wuyanta har ya yi mata wani iri, don rabonta da ta dubi namijin da ke bayan teburin ofis a fuska, ta manta. Sai ta ga ashe Malam Lawan ɗin ma ba wani babba ba ne, da kaɗan zai girmi ɗanta.

"Malam," ta ce, "ni ban yi boko ba, amma na san mai laifi in na gan shi. Ku koma cikin masu sunkuyon nan ku nema."

Malam Lawan ya ɗan muskuta. "Hajiya, maganar ta wuce gilashi, ta tarbiyya ce yanzu. Ajin gaba ɗaya sun ga abin da ta yi wa malaminsu. In na ƙyale, gobe kowane yaro zai tsaya yana ƙure malami da ido. Kalma biyu ce kawai ranar Litinin, shi ke nan an wuce wurin."

An wuce wurin. Maganarta ce ta jiya aka dawo mata da ita, kuma ba ta yi mata daɗin ji ba.

"Za ta durƙusa ta gaishe shi kullum, wannan haƙƙinsa ne," in ji Hajiya. "Kallon kuwa ni zan ba da haƙurinsa, ga ni na bayar, don a can aka koya mata shi a matsayin ladabi, ba raini ba. Amma ta tsaya gaban yara ta ce ta fasa abin da ba ta fasa ba? Wannan kam ba da yawuna ba."

"Ki yi tunani, Hajiya. A tsakiyar zangon nan ba za ku sami gurbi ko'ina ba. Shekara guda za ta rasa."

"Na sani. Uban da kansa ya zaga, takalminsa ya shaida."

Ta ci gaba da kallonsa. Malam Lawan ya dubi takardun gabansa, ya gyara wadda ba ta karkace ba, ya dubi Malam Rabe, shi kuma ya dubi taga. Hajiya ta jira ko wani zai ce a sake bincike. Babu wanda ya ce.

"To, a ɗauko mana jakarta," in ji ta.

A cikin Keke Napep, kan hanyar komawa Badarawa, sai Hajiya ta fara lissafin abin da ta aikata. Ga jaka a cinyar yarinya, daidai abin da ta ce Hauwa'u za ta jawo. Me za ta gaya wa surukar tata? Me za ta ce wa mai gidan in ya bugo waya daga Abuja? Tsoro take ji, ba ta musa wa kanta ba. Amma da ta laluba zuciyarta ko akwai nadama, ba ta samu ba.

Sun kusa kwanar gida ta lura Mardiyya ba ta ce uffan ba tun daga ofis. Ta waiwaya. Yarinyar ta sunkuyar da kai, haɓa a ƙirji, yadda Hajiya ta yi wata biyu tana nema ba ta samu ba. Hawaye na ɗiga a kan jakar.

"Kaka, ni na jawo," ta ce, murya can ƙasa. "Da na sauke idona da ba a kore ni ba. Na iya yanzu. Kin gani?"

Hajiya ta sa yatsa biyu a ƙarƙashin haɓar yarinyar.

"Ɗago, ƙawata," ta ce. "In ina yi miki magana ki riƙa dubana."