Tukunya Biyu a Gidan Muntaka

Taliya ce a rataye ko'ina a tsakar gidan, igiya bayan igiya, tun daga bakin zaure har ƙofar makewayi. Duk mai wucewa sai ya sunkuya. Tayyib ya fi kowa sunkuyawa. Yakan rufe baki, ya ɗauke numfashi, ya bi jikin katanga kamar wanda ya yi sata, har ya kai ɗan ɗakin ajiyar da aka ba shi da mahaifiyarsa.

Gwaggo Turai, matar baffansa, tana kallonsa. Hannunta bai tsaya da murza injin taliya ba.

"A bi a hankali," in ji ta. "Kada gubar tawa ta taɓa ɗan sarki."

Ya wuce abinsa. Ya daɗe da koyon cewa a gidan nan duk amsa laifi ce.

Daga Runka suka zo. 'Yan bindiga ne suka tare mahaifinsa a hanyar gona ana gab da girbi, kuma gawarsa ce ta dawo gida. Baffa Muntaka, yayan marigayin, ya aika a-kori-kura ta kwaso Tayyib da mahaifiyarsa Zahra'u zuwa Safana. Ya ba su ɗaki. Bai taɓa goranta musu da baki ba, amma bai bari sun manta ba.

Ciwon da ke damun Tayyib kuwa ya girme wannan hijira. Tun Tayyib yana sakandare a Batsari, inda shayi da burodi ne karin kumallo, cikinsa ke kumbura kamar ganga, gudawa ta ƙi tsayawa, ƙashin wuyansa ya fito. An ba shi maganin shawara. An ba shi na basir, an ba shi na tsutsar ciki, ya sha rubutu har ya gaji. Sai da aka kai shi Katsina, wata likita ta sa aka ɗebi jininsa, aka zura masa wata siririyar igiya mai ido ta maƙogwaro, sannan ta zaunar da shi ta faɗa masa sunan abin: siliyak. Hanjinsa ne ba ya shiri da alkama. In ta shiga, sai jikin ya juya yana kankare hanjin da kansa. Babu allura, babu ƙwaya. Sai dai ya bar burodi, taliya, fanke, cincin, alkaki, har ɓurɓushin fulawar da ya maƙale a muciya, har abada.

A Runka abin bai yi wuya ba. Gero da dawa ake ci, su ne kuma lafiyarsa. Ya yi ƙiba, ya koma gona, ya manta yadda ƙasan makewayi yake. Sai ga shi yau a gidan da fulawa ce sana'a, fulawa ce iskar da ake shaƙa. Rariya ɗaya ce ke tankaɗe garin tuwo da na taliya. Muciya ɗaya, ludayi ɗaya. Makon farko ya ci tuwon gidan don kara, ya kwanta.

Shi ne Zahra'u ta jera duwatsu uku a bayan ɗakinsu, ta ɗora 'yar tukunya. Ita ke daka masa geronsa a turmin da ta zo da shi, ta rufe da faifai. Gidan da tun kakanni ba a taɓa raba tukunya ba, sai ga hayaƙi biyu suna tashi. Maƙwabta kuwa suna da ido. Wata rana Turai ta miƙa wa Zahra'u kwano wankakke, ita kuma ta sake wanke shi da toka, ciki da baya, a gaban wata mata da ta zo sayen taliya. Matar ba ta ce komai ba a nan. A waje ta ce.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Baffa Muntaka ya sa aka kira Tayyib zaure. Malam Hamma mai unguwa yana zaune a kan buzu, da maƙwabta biyu a gefensa. A tsakiyar tabarma akwai kwano a rufe.

Tayyib ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Baffan bai bari ya gama ba.

"Zauna, ɗan boko. A kasuwa na ji. A kasuwa fa, ina tsakiyar mutane! Wai matata tana zuba wa mutane abu a abinci, shi ya sa ɗan ƙanina ba ya cin na hannunta."

"Baffa, wallahi ban taɓa faɗin haka ba."

"Bakinka bai faɗa ba. Tukunyarka ta faɗa."

"Ciwo ne da ni, Baffa. Likita ce ta ce..."

"Likita ce ta haife ka? Likita ce ta aika mota ta ɗauko ka?"

Malam Hamma ya ɗaga hannu, ya gyara zama. Dattijo ne mai son a ce ya yi adalci.

"Yaro, ni na san mai ciwon suga, na san mai hawan jini. Na san wanda in ya ci wake sai jama'a su tashi su ba shi wuri. Amma alkama? Abincin da ake yi wa amarya gara da shi? Ban taɓa jin wanda burodi ya kayar ba."

"Sai dai in babu shayi," in ji ɗaya daga cikin maƙwabtan. Suka yi dariya su biyu.

"Malam, ba a gani da ido. A ciki yake ci."

"To ai duk abin da ba a gani da ido shi mutane ke tsoro," in ji mai unguwa. "Kai ka ce alkama, su sun ce wani abu. Wa za a yarda da shi?"

Daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida muryar Turai ta fito. Ashe tana tsaye a nan.

"A tambaye shi, Malam, me na yi masa? Yara sun daina zuwa sayen taliya. Jiya wata ta aiko 'yarta, yarinyar ta kawo ƙofa, uwar ta biyo ta da gudu ta fizge kwanon. A gabana! Da taliyar nan na aurar da 'ya'yana mata. Yau ni ce mai kashe mutane, don na ba uwa da ɗa wurin kwana."

Muryar ta karye a ƙarshe. Tayyib ya so a ce makirci ne, da ya fi masa sauƙi. Amma ya ga taliyar da ta kwana biyu a igiya ba a sauke ba, ya san ba ƙarya take yi ba.

Baffa Muntaka ya buɗe kwanon. Taliya ce da man gyaɗa da yaji, tana tururi.

"Ba na son dogon zance. Ka sa hannu mu ci tare a gaban mutanen nan, su fita su faɗi abin da suka gani. Ko kuwa gobe motar da ta kawo ku ta mai da ku. Gonar ubanka tana nan a Runka. Na ji an ce can babu alkama."

Tayyib ya dubi kwanon. Ba kansa ya tuna ba. Mahaifiyarsa ya tuna, yadda take kwana da takalmi a ƙafa a Runka, yadda ƙarar babur ko na mai kai niƙa ne ke sa ta saki abin da ke hannunta. A Safana ta fara barci. Ta fara har da minshari.

Ya jawo buta ya wanke hannu.

Loma ta farko ta wuce. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne daɗinta. Turai ta iya, yajin ya ji tafarnuwa, man sabo ne. Ya ci ta biyu, ya ci ta uku. Baffan yana ci yana ƙirga masa da ido, in ya ga hannun ya yi sanyi sai ya tura masa gefen da ya fi yawa. Sai da ƙasan kwanon ya bayyana.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Hamma, ya shafa fatiha. "Magana ta ƙare."

"Ta ƙare in ya kwana lafiya," in ji maƙwabcin nan mai barkwanci, yana neman takalminsa. Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

A nan Tayyib ya gane abin da ya saya wa kansa. In ya faɗi a gaban mutane, babu mai cewa alkama ce. Cewa za a yi ga shi nan, ya ci na Turai ya faɗi. Daga nan babu mai ƙara taka gidan da kwano, kuma babu ɗakin da zai rage musu.

Kafin la'asar cikin ya fara. Murɗawa ce a hankali, kamar ana matse wanki. Ya tashi ya fita. Ya wuce masu zaman dakali yana gaishe su da murya sosai, ya wuce mai faci, ya wuce makarantar firamare, yana tafiya irin ta mai zuwa wani wuri. Sai da gidaje suka ƙare ya saki jiki ya ruga. Akwai wani kwazazzabo a bayan gari inda aka tara karan dawa. Nan ya faɗa.

Ya yi amai har ya koma kakarin banza. Gudawa ta biyo. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, zufa tana ɗiga daga haɓarsa, yashi yana shanyewa. Can nesa ya ji ƙarar babura. A wannan yanki babu mai zama shi kaɗai a bayan gari da yamma, ya sani. Bai iya tashi ba, bai ma gwada ba. Ya kwanta a gefe ɗaya, ya cusa gwiwa a ciki, yana kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar dawa. Ya zagi likitar da ta nuna masa yadda lafiya take. Ya zagi alkama da wanda ya fara shuka ta. Baffansa ne kawai ya kasa zagi, don muryarsa irin ta mahaifinsa ce.

Da rana ta yi ja ya miƙe. Ya tsaya a famfon burtsatse ya wanke fuska, ya kurkure baki, ya karkaɗe rigarsa. Ya shigo gari a miƙe, kowane taku yana jin kamar an ɗaura masa dutse a mara.

"Tayyib! Lafiya dai ko?" in ji wani daga dakali. Duk suka juyo suna dubansa daga sama har ƙasa.

"Lafiya lau. Ya gajiya?"

A ƙofar gida yara uku suna tsaye da kwanoni. Labari ya riga shi isowa.

Ya sami mahaifiyarsa a bayan ɗaki. Duwatsun murhun an watsar da su, tokar an share. Tana zaune da 'yar tukunyar a cinya. Ta dube shi sau ɗaya, ta ga leɓensa, ta ga idonsa.

"Ya cikin?"

"Lafiya, Inna."

"Ni za ka yi wa ƙarya? Ni na yi jinyarka." Ta rage murya. "Mu koma, Tayyib. Abin da Allah ya rubuta..."

"Mu koma ina? Ki sake kwana da takalmi?"

Ta kifa tukunyar a ƙasa.

Bayan sallar magariba Baffa Muntaka ya kira shi. Yana zaune a zaure, fuskarsa a sake, irin sakin da Tayyib bai taɓa gani ba tun zuwansu. Har matsa masa ya yi a kan tabarma.

"Zo nan, ɗana. Ka gani? Ina ciwon? Ka ci, ka yi yawonka, ka dawo da ƙafarka. Mutanen asibitin nan, in ba su tsorata mutum ba ba sa jin sun yi aiki." Ya dafa kafaɗarsa. "Ɗakin nan naku ne, kai da uwarka, har ranar da kuka gaji da shi. Daga yau kuma kwanona shi ne kwanonka. Safe da dare. Turai! Kawo mana."

Turai ta kawo da kanta. Ta ajiye, ba ta dubi kowa ba, amma ta juya kwanon yadda gefen da ya fi mai ya fuskanci Tayyib.

"A ci da yawa," ta ce. "An rame."

Baffan ya tura masa buta. Tayyib ya karɓa, ya karkata ta a kan hannunsa. Ya wanke tafin, ya wanke bayan, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ruwan yana zuba a ƙasa, Baffa yana jira, shi kuwa yana ta wankewa har butar ta ƙare.