Babban Yatsan Malam Jalo

"Ranka ya daɗe, yau ko magana da ƙyar yake yi," in ji Liatu, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunu.

Alhaji Badruddeen bai ko dube ta ba. Ya tattare babbar riga, ya tsuguna gaban katifar Malam Jalo, ya ajiye ledar lemo, ya zaro takarda.

"Malam, sannu da jiki. Ɗan sa hannu ne kawai."

Duk layinsu a unguwar Ɗan Iya an san zancen takardar nan. Shekara goma sha tara Malam Jalo yana sakataren kamfanin takin da manoman Zungur suka haɗa jari suka kafa. Shi ke rubuta abin da aka yanke a taro, ya karanta da ƙarfi, manoma su dangwala. Bara Alhajin nan, shugaban kamfanin, ya kawo masa bayanin taron da ba a yi ba, wai manoma sun yarda a sayar da sitonsu. Mai saye ya ce sai da sa hannun sakatare. Cire Malam kuwa sai an tara manoman, abin da Alhaji yake gudu ke nan. Malam ya ƙi, ƙafa ta ɗauke daga gidansa. Matarsa ta rasu, ɗansa yana Fatakwal, sai Liatu maƙwabciya ke leƙo shi.

"Ban ji an yi taro ba, Alhaji," in ji Malam, murya can ƙasa.

"Ai hannunsa ma ba ya riƙe biro," Liatu ta ce, don dai a ƙyale shi.

Wayyo, da ta sani ta yi shiru! Alhaji ya yi murmushi, ya fito da ɗan gwangwanin tawada.

"To, dangwale ma ya isa."

Mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa, sai ga shi ya lanƙwasa babban yatsansa cikin tafi, ya dunƙule. Alhaji ya kama hannun yana ƙoƙarin ɓamɓarewa.

"Haba Alhaji! Ka ji tsoron Allah!" Liatu ta ɗaga murya yadda 'yan layi za su ji.

Ya saki, ya karkaɗe riga, ya ce gobe zai dawo.

"'Yata, ya tafi?"

"Ya tafi, Baba. Saki hannun ka huta."

"Bari dai."

Washegari da hantsi Malam ya cika. Mutum tara suka raka shi, labari bai kai Zungur da wuri ba. Liatu ta zauna a dakalinta, kaɗaicinsa yana cin ranta, har Umar tela, wanda ya yi masa wanka, ya dawo daga maƙabarta.

"Maman Joel," ya ce mata, "wallahi sai da ruwan ɗumi hannun nan ya buɗu."

"Yatsan fa?"

"Fes yake."

Ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗakin. Ledar lemon tana nan gefen katifa, a ƙulle yadda aka kawo ta.