Jibrilla Ya Sa Kaki

A shekarar 1984 damina ta ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba. Jibrilla na zaune a rugarsu kusa da Gangara, shi da matarsa Zainaba da 'ya'ya biyu. Shi kaɗai ne a gidan ya taɓa shiga lakol, wato makarantar boko. Yana ƙarami aka zo neman yaro ɗaya daga kowace ruga, sai Bappa, ƙanen mahaifinsa da ya riƙe shi, ya miƙa shi don shi ne maraya. Ya yi shekara shida, ya sami takarda, ya dawo ya ɗauki sandarsa ya bi shanu.

Kaka ba ta wuce ba shanun suka fara kwanciya. Yau a taru a ɗaga saniya da itace, gobe ta koma ƙasa, jibi a kira mahauci. Ba abin da ya rage kore a daji sai gawo, mai fid da ganye da rani, shi kuwa doka ta hana a sari reshensa.

Ranar kasuwar Gangara ya gamu da Rabilu, abokin karatunsa, wanda ke aikin rubutu a buro, wato ofishin gwamnati, a Agiye. Rabilu ya ja shi gefe ya ce, "Ana ɗaukar ma'aikatan gandun daji. Suna son mai takarda, wanda ya san daji, yana kuma jin Fillanci. Kai na tuna."

Jibrilla ya ce, "Masu kama mutane?"

"Masu albashi. A yi ruwa ko kada a yi, wata na ƙarewa za a kira sunanka. Je ka ga tsoho Hambali, ya fi ni sanin aikin."

Da ƙafa Jibrilla ya tafi Agiye. Ya tarar da Hambali a ƙofar gida yana gyaran linzamin dokinsa. Shekararsa ashirin da biyu a aikin, saura wata uku ya ajiye.

Hambali ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba, ɗana. Aikin gwamnati ba ya sa mutum arziki, amma ba a korarka sai ka yi babban laifi. Akwai kuɗin yara. In matarka ta kwanta ciwo, takarda za ka nuna a likita. In ka tsufa ana ci gaba da ba ka wani abu har ka mutu, bayan ranka ma iyalinka su karɓa. Yunwar saba'in da uku ta zo ta wuce, ba a daina ɗora tukunya a gidan nan ba."

"To ina wahalarsa, Baba?"

Tsohon ya ajiye linzamin. "In na shiga gari mata na ɓoye gatari, hira ta mutu. Ana ba ni ruwa, amma ba a ce in zauna. Kuma inda aka tura ka, nan za ka je."

Da Jibrilla ya dawo ruga ya faɗa wa Bappa, a gaban Jaye, babban ɗan Bappan. Jaye ne ya riga magana.

"Mu muna hawan gawo a ɓoye kamar ɓarayi don shanu su kai damina, kai za ka je ka sa kakin masu bin mu."

Bappa ya ɗaga wa Jaye hannu ya tsayar da shi. Ya dubi Jibrilla ya ce, "In ka tarar da ni a kan itace, yaya za ka yi?"

Jibrilla ya sunkuyar da kai. Bappa kuma bai sake tambaya ba.

Daga baya ya sami Zainaba bakin murhu. Ta karkato masa ƙwaryar ya gani. "Ni ban san kaki ba," ta ce. "Na san dai yau kwana huɗu dusa nake dama wa yara."

Ran Litinin Jibrilla ya kai takardunsa. Ya roƙi Allah kada a bar shi a ƙasar Gangara, aka kuwa tura shi Gidan Rumji, inda ba wanda ya san shi. Makon da ya kwashe iyalinsa, Jaye ya kora shanu goma sha ɗayan da suka rage ya yi kudu da su.

A watansa na uku suka fita sintiri da shugabansa, wani mai suna Gado. A bakin wani busasshen tabki suka tarar da dattijo a kan gawo yana sara, shanu biyu a ƙasa suna cin ganyen da ke faɗowa. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Gado ya ce, "Kai ne mai Fillanci. Sauko da shi."

Dattijon ya sauko a hankali. Ya ƙare wa Jibrilla kallo, ya tambaye shi da Fillanci, "Ɗan wace ruga ne kai?"

Jibrilla ya amsa da Hausa, ya ce ya miƙo gatarin. Ya fid da littafin tara ya fara rubutu, yana jan kowane harafi, yana sake tambayar suna, har shanun suka cinye ganyen. Iyakar abin da ya iya yi ke nan. Ya san sai an sayar da ɗaya daga cikinsu kafin a biya tarar.

Ranar bai ci abinci ba. Sau biyu ya rubuta takardar barin aiki, sau biyu yana yaga ta. Da wata ya ƙare ya sayi buhun dawa, ya ɗora a motar Gangara da sunan Bappa. Haka ya riƙa yi kowane wata. Saƙon godiya bai taɓa zuwa ba, buhu ma bai taɓa dawowa ba.

Damina ta zagayo, aka yi ruwa, daji ya yi kore. A tsakiyarta Jaye ya iso Gidan Rumji, ba saniya ko ɗaya, daga shi sai sanda da buta. Zainaba ta kawo masa tuwo ya ci, bai ɗago kai ba. Da ya wanke hannu ya ce, "Na ga wasu suna ba wa 'yan itatuwa ruwa a bayan buronku. Su ma gwamnati ke biyansu?"

"Ita ce."

"Ban da takarda, amma ina iya jan guga."

Washegari Jibrilla ya tambayi Gado. Gado ya ce an rufe ɗauka, kuma ba ya jin za a buɗe nan kusa. Jibrilla ya raka Jaye tasha, ya sa shi a mota. Bai faɗa masa amsar Gado ba, sai ya ce masa ya ɗan jira zuwa baɗi, an ce akwai magana.