Gadon Sama a Jirgin Yaunde

Goggo Astajam ba ta daɗe da fita takaba ba 'yarta Patu ta haihu a Yaunde. Aiki aka yi mata aka ciro yaron, don haka babu maganar ta zo gida wanka. Mijin Patu ya bugo waya ya ce ran Asabar da sassafe za a raɗa suna, kuma sunan marigayi za a mayar, Hamajoda.

Sali, babban ɗan Goggo, ya ce ta bari sai ƙarshen wata ya raka ta.

"Dada, gwiwoyin nan naki ko dokin ƙofa sai kin yi shawara da su."

"Da ƙafa aka ce maka zan je? Kana goye na fara shiga jirgin nan."

"Da Baba kike shiga."

"To jirgin ya sake hanya ne don ya rasu?"

Ran Alhamis da safe ta je tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere da kanta. Ɗaki mai gado biyu, irin wanda suka saba kama ita da Malam, marigayi mijinta, duk an saye. Aka ba ta gado a ɗakin mutum huɗu, ta ƙulle tikitin a bakin mayafi. Da yamma Sali ya shigar mata da kaya: galan ɗin zuma, kwalbar man shanu, kilishi, da garin kunun kanwa na mai jego. Hular marigayi kuwa tana cikin jakar hannunta. Ya sauka ya tsaya a waje saitin taga.

A gadon ƙasa na dama wata yarinya ce mai tsohon ciki, ta ce sunanta Solanj. Goggo ta zauna a na hagu, ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa. Sai ga wata mace ta cika ƙofar ɗakin, tana haki, tana jan buhun wake. Madam Ngono ce, 'yar kudu mai fataucin wake da albasa, Fulatancinta duk na kasuwa.

"Mama, kin yi ɓatan gado."

"In ji wa?"

"In ji lambar nan. Mu ga takardarki." Ta duba, ta nuna rufi da yatsa. "Ga naki can, kusa da Allah."

"Ni ba ruwana da lamba. Ƙasa na mata ne, sama na maza. Dokar jirgi ce."

Madam Ngono ta yi dariya har 'yan kunnenta na rawa. Ta shafa haɓa.

"To ni fa? Akwai 'yan gashi biyu a nan, amma ba su kai a hau da ni sama ba. Mama, duk mu mata ne a ɗakin nan, wa zai hau? Shekara da shekaru ina bin jirgin nan, babu wannan doka. Wanda ya riga zuwa ya buɗe baki ya ce ƙasa yake so, shi ake ba. Wa ya gaya miki?"

Goggo ta ɗaga kai ta dubi gadon sama.

Malam ne ya gaya mata, tun tafiyarsu ta farko. A lokacin wani bijimi ya riga ya taɓa masa ƙugu a kasuwar shanu, in ya sunkuya sai ya dafa bango ya miƙe. Ta ce ya kwanta a ƙasa ita ta hau, ya ɗaure fuska ya ce dokar jirgi ce. Daga nan kullum shi ke kama tsani yana nishi, ita tana ƙasa tana yi masa dariya. Har tafiyar ƙarshe, da suka je ganin likita, jikinsa duk ya zube. Ta ce bari ta roƙi ma'aikacin tarago ya yi musu afuwa, ya ce kul, tara za a ci su. Ya hau, tana jin ƙarar haƙoransa.

Ta juya fuska wajen taga don kada su gani. Sali ya gani. Ya matso ya ɗaga murya.

"Dada, lafiya? Sauko kawai, mu koma gida."

In ta sauka, jirgin gobe sai rana ta yi tsakiya ran Asabar zai iya kai ta, an riga an yanka rago an watse. Ta duba tsanin. Ƙarfe ne siriri, a tsaye cak. Ta duba gwiwoyinta. Ta fara laluben takalmi da ƙafa.

Madam Ngono ta daina dariya. Ta ɗage zani ta nuna ƙafa a kumbure kamar turmi.

"Da zan iya da na ba ki, wallahi. Amma in na hau, ni da gadon tare za mu sauko a kanki."

Solanj ta yunƙura tana riƙe da baya. "Kaka, zo ki kwanta nan, ni zan gwada."

"Da wannan cikin? Zauna, kada ki haifa mana shi a kan tsani."

Goggo ta mayar da takalmin ta ajiye. Mutumin da bijimi ya karya ya hau abin nan har tsufansa. Ta leƙa taga.

"Sali, tafi gida. Ka ce wa Patu ina hanya."

Jirgi ya yi kuka, ya ja. Madam Ngono ta gyara zama kamar mai shirin ciniki.

"To saurara. Hawa sau ɗaya ne, sauka sau ɗaya. Je ki kewaya yanzu tun wurin na da tsabta. Ki yi alwalarki, ki yi sallarki a nan gefen gadona, ki ci abinci. Ruwa kaɗan za ki sha, ba ni da ƙarfin ɗaga ki sau biyu. Takalmi a leda, jaka a ƙarƙashin kai."

Goggo ta yi duk yadda aka ce. Ta buɗe kilishi suka ci su uku, Madam na cewa yaji ya yi kaɗan tana ƙara miƙo hannu. Sannan aka zo kan tsani.

"Wace ƙafa ce mai dama-dama?"

"Babu."

"To wadda ba ta fi lalacewa ba. Ita za ki fara sawa."

Ta kama ƙarfen, ta yi bisimilla. Solanj ta riƙe tsanin, Madam ta sa kafaɗa a ƙarƙashinta.

"Kai! Aka ce Fulani ba su da nauyi. Duwatsu kika ɗaura a zani?"

"Tura, ke dai, bakinki ya fi hannunki aiki."

A taki na uku gwiwa ta yi ƙara, ta tsaya tana rawa. Madam ta ƙara turi, sai ga Goggo a kan katifa, rub da ciki, ɗankwali ya zame. Su biyun na ƙasa suka yi tafi.

Da numfashinta ya dawo ta juya ta duba. Rufi kusa da hanci, ba a iya zama sai a sunkuye. Ga 'yar fitila, ga wata 'yar ƙugiya a bango. Ashe nan Malam yake rataye hularsa. Ta ciro ta daga jaka ta rataye. Jirgi na tafiya, hular na lilo a hankali.

"Mama, kina raye?" in ji Madam daga ƙasa.

Haka Malam ma yakan leƙo da kai ya tambaye ta ko ta yi barci. Goggo ta sauko da hannu da sauran kilishin.

"Ci ki yi shiru."

Gari ya waye musu cikin kurmi, ganyen ayaba na goga taga. Saukowa da baya aka yi, fuska ga tsani, Madam na kama ƙafa tana ɗora ta a kan taki. A wata tasha mata suka taso da abarba da ƙullin rogo a ka, Goggo ta sayi abarba biyu ta taga don Patu.

A Yaunde mijin Patu na jira. Ya ɗauki galan ya nufi ƙofar fita, ta riƙe masa hannun riga.

"Tsaya. Nuna min inda ake sayar da tikiti tukuna."

"Dada, yanzu fa kika iso."

"Na sani. So nake in gane wurin. In lokacin komawa ya matso, da kwanaki zan riga zuwa, in faɗa musu da bakina."

Madam Ngono na can baya tana faɗa da masu dako a kan buhun wake, ta ɗago hannu.

"Ƙasa, Mama! Kada ki manta, ba kullum za ki same ni ba!"

Goggo ta gane tagar tikitin da kyau, ta taɓa jakar ta ji hular na ciki, sannan ta ce su je ta ga Hamajoda.