'Yar Lambar da ke Kafaɗar Goma

Tun ina budurwa nake yin awara da ruwan rijiyar gidanmu, kafin ni kuma uwata ta yi. Daga unguwarmu har gindin dutsen Merapi babu wanda ya taɓa cewa awarata, ni Mbah Warsinah, wato Kaka Warsinah, ta ɓata masa ciki. Sai ga Pak Ngadimin, wato Malam Ngadimin, mai unguwarmu, ya hau lasifikar masallaci bayan la'asar yana kiran sunana kamar mai sanarwar rasuwa.

Ga yadda aka yi. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta zagaya da 'yan kwalabe, ta ɗebi ruwan kowace rijiya, wai za a auna yawan ƙwayoyin cuta. Da sakamako ya fito aka aiko wa Ngadimin. Shi kuwa tun da ya yi ritaya daga duba tikiti a jirgin ƙasa, ba abin da yake ƙauna a duniya kamar lasifika.

"Jama'a, a yi haƙuri, a gafarce ni," in ji shi da muryar nan tasa mai santsi. "Rijiyar da ta fi kowacce ƙwayoyi ita ce ta Mbah Warsinah, takwas da ɗigo biyar. Wadda ta fi tsabta kuwa, ba don yabon kai ba, ta gidana ce, ɗaya da ɗigo biyu. Ƙofa a buɗe take, kowa ya zo ya ɗiba."

Ina cikin danne awara a lokacin. Saura ƙiris dutsen dannewar ya faɗo mini a ƙafa.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai tafasa waken ake yi, ina ruwan awara da rijiya? To bayan an yanka ta, a cikin ɗanyen ruwa take zama a bokiti har ta isa hannun mai saye. Wanda ya zagi ruwana ya zagi awarata, wanda ya zagi awarata kuwa uwata ya zaga.

Washegari da safe Yu Ponirah, mai suyar awara a ƙofar makaranta, wadda ta fi kowa saye a wurina, ta leƙo tana murza gefen zane.

"Mbah, yau dai kada a ajiye mini, ƙafata ke ciwo."

"Da ƙafa kike suya?"

"Ba haka ba ne, Mbah..."

"Haka ne mana! Faɗi gaskiya, Ponirah, bakinki ba zai karye ba. Lasifika kika ji."

Ta sunkuyar da kai. Iyayen yara ne suka ce mata in dai awarata ce, ba sa so.

Na ɗaura ɗankwali na nufi rumfar 'yan sintiri, inda Ngadimin ya manna takardar. Na same shi yana shan shayi. Ban yi makaranta ba, baƙi ko ɗaya ban sani ba, amma lambobi na san su, don sikelin waken suya bai taɓa cutata ba. Ya sa yatsa ya nuna mini layina: 8.5 × 10¹. Ya nuna nasa: 1.2 × 10⁴.

"Mbah, tsakani da Allah, takwas da ɗaya wanne ya fi yawa?"

"Waɗannan 'yan mitsi-mitsin fa, da suka ɗare kafaɗar goma?"

"Af, wannan lambar ofis ce kawai," in ji shi. "Kamar lambar tarago. Fasinja ba ruwansa da ita."

Na ce masa tun yana yawo ba wando nake ba shi ɓawon awara, amma hakan bai canza lambar ba. Dole ta sa na rufe rijiyata da faifai, na shiga layi a gidansa da jarka, ni da tsufana, don masu saye su dawo. Kaɗan suka dawo. Sai kuma wani sabon abu: awarar da takan kai magariba garau, yanzu kafin azahar ta fara yauƙi tana tsami. Ga unguwa duk an rame, kowa ka gaisa da shi sai ya katse gaisuwar ya yi bayan gida da sauri. Na ce lallai ruwa ba ya tsami banza.

Na zuba awarar da ta lalace a bokiti, na hau motar haya zuwa ofishin lafiya na gunduma. Duk wanda ke motar ya toshe hanci, na ce su gode wa mai unguwarmu. A ofis wani mai gadi ya ce in ɗauki lamba in zauna. Na ce lamba ce ta kawo ni, ba na son ƙari. Na dire bokitin a kan teburin farko da na gani, na buɗe murfin. Ba a daɗe ba aka nemo mini mai kwalaben.

Bu Wening sunanta, siririya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar jikata ba.

"Ke ce kika ce rijiyata ta fi ta kowa ƙazanta?"

"Ni, Mbah? Wace unguwa?" Ta duba na'urarta, ta ɗago kai. "Mbah Warsinah? Ai taki ce ta fi ta kowa kyau."

"To zo ki faɗa wa Ngadimin, don ya ce takwas ta fi ɗaya."

Da na ba ta labari sai ta dafe kai da hannu biyu. Ta ce laifinsu ne da suka aika takarda ba bayani, yanzu za ta buga masa waya. Na riƙe mata hannu.

"A'a, 'yar nan. A waya zai ce to, to, a gafarce shi, magana ta mutu a kunnensa. Ni a lasifika aka ɓata ni. Kuma in na je ban san kan abin ba, zai sake rufe ni da zancen tarago. Koya mini."

Ta sa aka fitar da bokitin tukuna, ta kawo mini shayi, ta rubuta goma da 'yar huɗu a kafaɗa.

"Mbah, wannan nawa ne a ganinki?"

"Goma sau huɗu, arba'in."

"Kusan kowa haka yake fara cewa. 'Yar lambar ba cewa take a tara goma sau huɗu ba. Cewa take a jera goma guda huɗu, kowace tana ninka ta gabanta. Goma sau goma, sau goma, sau goma."

"Kin ga, yi mini maganar mutane."

Ta yi dariya. "Yanka nawa kike yi a layi ɗaya?"

"Goma."

"Wannan ita ce goma mai ɗaya a kafaɗa. Layi nawa a faranti?"

"Goma. Ɗari ke nan."

"Goma mai biyu a kafaɗa. In kika ɗora faranti goma fa?"

"Dubu. Ranar biki ke nan."

"Mai uku a kafaɗa. To biki goma a rana ɗaya?"

Na ƙirga da yatsu. "Dubu goma. Wannan sai dai a kira mota, ni kuma a kira mini likita."

"To ita ce goma mai huɗu a kafaɗa."

Na ƙura wa 'yar lambar ido. Abu kamar ƙwayar riɗi, amma duk taku ɗaya da ta yi sai kaya su ninku goma. Bu Wening ta ce lambar gaba tana faɗin guda nawa ne, ta kafaɗa kuma tana faɗin na wane irin mazubi. Nawa takwas da rabi ne na layi, wato tamanin da biyar. Na Ngadimin faranti ɗari ne cur da 'yan kai, dubu goma sha biyu, duk a ɗan ruwan da bai cika cokalin shayi ba.

"To don me ba za ku rubuta dubu goma sha biyu ba, kowa ya huta?"

"Wani lokaci abin da muke ƙirgawa sifilinsa tara ne ko goma sha biyu, Mbah. Ido kan tsallake ɗaya, kuma sifili ɗaya in ya ɓace an yi kuskure ninki goma. Shi ya sa muke ƙirga su, mu ɗora adadin a sama."

Wannan kam na yarda da shi. Ni ma ba na ƙirga awara ɗaya-ɗaya, faranti nake ƙirgawa.

Ta gwada ni da rijiyar masallaci, huɗu sau goma mai biyu. Na ce faranti huɗu, ɗari huɗu. Ta gwada ni da tara mai biyu a kafaɗar gomanta da biyu mai uku, wanne ya fi. Bakina ya kusa cewa tara, na kama shi. Ɗari tara da dubu biyu ai ba sa haɗa hanya. Ta tafa mini har mai gadi ya leƙo.

Ranar Lahadi ana aikin gayya, maza na share kwata, mata na raba shayi da dafaffen rogo. Bu Wening ta iso a babur, amma na ce ta tsaya gefe sai an neme ta. Na ciro takardar daga rumfa na tsaya a gaban Ngadimin. Ya rame, idonsa ya zurma.

"Pak mai unguwa, yaya cikin?"

"Alhamdu lillahi, Mbah, ɗan sanyi ne ya kama ni."

"Sanyi dubu goma sha biyu ne ya kama ka."

Na faɗa wa jama'a wai 'yar lambar ta tarago ce, sannan na yi musu bayani da layi da faranti da biki, yadda aka yi mini. Ponirah ce ta fara ganewa, ta saki tiren rogo ta ce, "Wayyo, ashe tarago ya fi jirgin!" Ngadimin ya juya wajen Bu Wening yana neman ceto, ita kuwa ta gyaɗa kai, ta ƙara da cewa garken awakinsa ya yi kusa da rijiyar, sai an matsar da shi an wanke ta, kafin nan kowa ya tafasa ruwan sha. Matarsa ta ce tun yaushe take faɗa masa zancen awakin nan.

"A gafarce ni, Mbah," ya ce a hankali. "Kuskure ne. Zan zo gida mu yi magana."

"A gida ka ɓata ni? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ga masallaci can."

Ya tafi, muka bi shi a baya kamar 'yan rakiyar ango. Ya hura lasifikar, ya yi a gafarce ni ɗinsa, ya ce rijiyar Mbah Warsinah ce ta fi tsabta. Zai ajiye na ce saura. Ya ce ta gidansa tana da ɗan gyara. Na ce nawa? Muryata ta shiga lasifikar, har masu shuka shinkafa a fadama suka ɗago kai.

"Ɗaya da ɗigo biyu sau goma mai huɗu a kafaɗa," in ji shi.

"Wato?"

"Dubu goma sha biyu, jama'a." Shi kansa sai da dariya ta ƙwace masa, kafin ya miƙa wa ladan abin maganar ya fita da sauri, kowa ya san inda ya nufa.

Da asuba Ponirah ta zo da bokiti biyu, ƙafa ta warke. Bayanta layin masu jarka ya kai bakin hanya, na ɗauke faifan daga rijiya. Can ƙarshen layi na hango Ngadimin, ya ja hula ya rufe goshi. Da ya iso na riƙe gugan.

"Goma mai uku a kafaɗa?"

"Talatin... a'a, a'a! Dubu, Mbah."

Na sakar masa igiyar.