Fuskar Sarki a Kan Gwamna

Wani mafarki na yi a daren jiya. Na gan ni gwamnan wani lardi a gefen daular Rum, can wajen ƙarshen zamaninta, lokacin da sarakuna ba sa daɗewa a kan mulki. A ƙasar nan, duk garin da babu mutum-mutumin sarki mai ci a dandalinsa, ɓacewa yake yi, unguwa bayan unguwa, har da mutanen ciki.

Muna da namu na farin dutse. A gindinsa an rubuta: "Ga ubangidanmu mai nasara har abada, daga bawansa gwamna." Da yake gindin tsoho ne, gurbin sunan sarki har ya zama kwari saboda yawan kankarewa.

Muna cikin bikin buɗe shi sai ga manzo, dokinsa na tafe da baya-baya.

Ya ce, "Wannan sarkin an kashe shi. Sabon mai gemu ne."

Na dubi Dasiyus, tsohon masassaƙin garin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dutse ya ƙare. Sai dai mu fito da sabon daga cikin tsohon."

Haka aka yi. Manzanni suka yi ta zuwa, Dasiyus ya yi ta sara. Kan mutum-mutumin ya koma kamar goruba, ya koma kamar aya, daga bisani iska ta yi gaba da shi.

Sai ga ni a kasuwa, rabinta babu. Ba rami, ba ƙura, babu ita dai kawai. Wata mai sayar da man zaitun tana tsaye inda layinsu ya yanke, tana ta kiran mijinta. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Gwamna, unguwarku ce ke biye."

'Yata Sekunda tana can gida.

Na sa aka ture gangar mutum-mutumin, na hau gurbinsa na tsaya. Sanyi ya taso daga tafin ƙafata har wuya, na zama dutse. Dasiyus ya kafa tsani ya fara gyara mini fuska. Babu zafi. Garin ya daina raguwa.

Can sai ga Sekunda, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Baba Dasiyus, ko ka ga babana?"

Ya ce, "Ga sarki nan, ki gaishe shi tukuna."

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce tana leƙa lunguna. Na so in kira ta, amma an riga an sassaƙa mini baki a rufe, da ɗan murmushi.

Daga sama na hango wani manzon tafe. Dasiyus ya saurare shi, ya sake hawowa tsani da gudumarsa.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Wannan sabon sarkin ƙaramin kai gare shi."

Ya ɗaga hannu. Kwas! Kwas!

Na farka. Mai faskare ne a gidan maƙwabta. Na daɗe a kwance, na kasa kai hannu fuskata.